Iskar Bakin Ƙofa

Zahra'u ta shekara huɗu tana aiki a wani ƙaramin gidan radiyo a Tawa. Da aka ce za a yi horo na mako biyu a kan aikin hoto da sauti, shugaban gidan ya sa sunanta, don a cikinsu ita kaɗai ke da kwamfuta ta kanta.

Su goma sha ɗaya ne a ajin. Mai koyar da su, Madam Aïcha, daga Yamai aka turo ta. Doguwar mace ce mai tabarau, kuma ba ta son a ce mata fim ya yi kyau. In wani ya faɗi haka sai ta ce, "Mai shayin bakin tasha ma ya san ya yi kyau. Ni ku gaya mini abin da aka yi har ya yi kyau."

Ranar Laraba ta mako na biyu ta sa aka rufe tagogi da zannuwa, ta haska musu farkon wani fim na gidan kaso a jikin bango. Minti uku ne kacal. Da farko ba a ganin komai sai duhu, ana jin ƙarar makullai suna kaɗawa da takun mutum biyu, ɗaya da takalmin soja, ɗaya yana jan silifa. Sannan hoto ya fito, kamara tana ƙasa dab da daɓe, tana bin ƙafafun nan a wani dogon lungu. Aka buɗe ƙofar ƙarfe, aka tura mai silifa ciki. Daga nan kamara ta koma can sama, ana hango mutumin ɗan ƙarami a tsakiyar ɗaki. Wani haske ya sauko daga ƴar taga ya faɗa masa a fuska. Aka rufe ƙofa. Sai shiru, in ban da ɗigon ruwa daga wani wuri.

Madam Aïcha ta tsayar da fim ɗin. Ta ce kowa ya kwafi minti ukun nan ya tafi da shi gida, ya kalla sau uku: sau ɗaya hoto ba sauti, sau ɗaya sauti ba hoto, na uku duka biyun. Gobe kowa ya zo da shafi biyu a kan kamara da haske da sauti.

Zahra'u ta hau kabu-kabu ta koma gida. Mijinta malamin makaranta ne a Afala, sai ƙarshen mako yake zuwa, saboda haka daga ita sai wanta Bilal a gidan.

Bilal ya girme ta da shekara shida. Shekara uku da ƴan watanni ke nan da ya bar garinsu Barmu ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, a Libiya, shi da abokinsa Ciɗo, wanda gonarsu ke jikin tasu tun zamanin kakanni. Shekarar farko ana jin su a waya, suna aikin gini. Daga nan aka daina jin ɗuriyarsu. Sai wata takwas da suka wuce wata ƙungiya ta sauke Bilal a Tawa cikin waɗanda aka kwaso, shi kaɗai, ya rame har Zahra'u ta wuce shi a tasha ba ta gane shi ba. Likita ya ce tarin fuka ne, sai ya zauna kusa da asibiti yana shan magani. Abin da ya faɗa wa mutane bai fi ƴan kalmomi ba: wasu masu bindiga ne suka kama su suka tsare, aka raba su, aka sa Ciɗo a wata mota, bai sake ganinsa ba. Daga nan bai ƙara komai ba, kuma ba wanda ya matsa masa. Ɗakin da aka ba shi kaya kawai yake ajiyewa a ciki. Dare da rana a tsakar gida yake, kan tabarma, ƙarƙashin dogon yaro.

Ranar nan bayan la'asar ana zafin bazara, ɗaki ba ya shiguwa. Zahra'u ta fito da kwamfuta ta zauna a ɗaya gefen inuwar. Bilal yana kwance ya juya baya. Ta yi kallon farko ba sauti, ta rubuta abin da ta gani. Da ta zo na biyu ta lalubi abin sauraronta na kunne, ta tuna ta bar shi a wurin aiki. Sai ta yafa mayafi a kan fuskar kwamfutar, ta ɗan ƙara murya.

Makullai suka kaɗa. Takun nan biyu suka taho. Ƙofar ƙarfe ta yi kukanta.

Bilal ya tashi zaune da sauri kamar wanda kunama ta harba. Zahra'u ta gane kuskurenta, ta kai hannu za ta kashe.

"Bar shi," in ji shi.

"Yi haƙuri, Yaya. Aikin aji ne, na manta kana kusa."

"Na ce ki bar shi. Maida shi baya."

Ta mayar. Ya saurara kansa a sunkuye, hannuwansa a kan gwiwa, har aka rufe ƙofa, shiru ya biyo baya, ruwa yana ɗiga.

"Makullan daidai ne," in ji shi a hankali. "Wanda ya sa su ya san su. Tun daga nesa kake jin su, cikinka ya ɗuri ruwa. Amma shirun nan ƙarya ne."

Tun dawowarsa bai taɓa yin magana mai tsawon wannan a kan wurin ba.

"Babu shiru can, Zara. Tari ne. Wanga ya aje, wancan ya ɗauka. Mu sittin da wani abu a ɗaki guda. Ko minti ɗaya ba a yi ba tari. Kuma ruwa? Wa zai bar ruwa shi ɗiga ƙasa?"

Ya matso da tabarmarsa. Ya ce ta cire mayafin ya gani. Ta cire, ta sa daga farko. Ya kalli ƙafafun a lungu, ya gyaɗa kai, ya ce haka ne, ƙasa kake kallo, in ka ɗaga kai gindin bindiga ne. Da kamara ta hau sama sai ya ce ta tsayar.

"Wa ke can sama yana kallo?"

"Ba kowa. Malamarmu ta ce ana ɗauko mutum daga sama ne don a ga ya zama ƙarami, ba shi da ƙarfi."

"To ya zama ƙarami. Amma dubi fili. Ga wurin miƙe ƙafa, ga wurin juyawa. Wata goma sha huɗu na yi a ɗakin nan, ban taɓa ganin shi duka ba. Ƙeyar na gabanka kake gani. In kana son juyawa sai ka taɓa shi, ya taɓa na gaba, a juya tare."

Ta riƙe biro amma ta kasa rubutu. Ta saki fim ɗin ya ci gaba, har inda hasken ya sauko a fuskar mutumin. Bilal ya yi wata ƴar dariya da ta koma tari. Sai da ya lafa, ya tofa a gwangwaninsa ya rufe, sannan ya ce:

"Haske haka, ga mutum guda! Kamar waliyyi."

"Ku babu taga?"

"Babu. Sito ne na kaya, rufin kwano. Abin da ke akwai ƴar tsaga ce ƙarƙashin ƙofa." Ya ɗaga yatsu huɗu ya nuna mata faɗinta. "Nan haske ke shigowa, nan iska ke shigowa. Da farko faɗa ake yi a kanta, mai ƙarfi ya kwanta ya hana kowa. Sai wani dattijo cikinmu, mahaddaci ne, ya ce a yi layi. Kowa ya kwanta ya sa hanci a tsagar gwargwadon karatun Yasin guda. Shi ke karantawa, in ya gaji wani ya karɓe shi. In anka kai ƙarshe, ya taɓa ƙafarka, ka matsa, na bayanka ya shigo. Sau ɗaya a yini layi ke zagayowa kanka."

Ya kalli hoton da ke tsaye, fuskar ɗan wasan cikin haske.

"Ciɗo ne a bayana a layi."

Zahra'u ta ce, "Kafin a raba ku?"

"Ba a raba mu ba."

A gidan maƙwabta wata mata tana kiran awakinta. Zahra'u ta rufe kwamfutar ta ajiye a ƙasa.

Bilal ya ci gaba, bai dube ta ba. Ya ce zazzaɓi ya kama Ciɗo kwana biyar, ya daina cin ɗan burodin da ake jefo musu, numfashinsa ya koma kamar ana zuga zugazugi. Ranar ta shida da rana tsaka, kwano ya ɗauki zafi, layi ya zo kan Bilal. Ya kwanta, ya sa hanci a tsagar. Aka karanta Yasin har ƙarshe. Dattijon ya taɓa masa ƙafa.

"Na ji. Wallahi na ji. Na ce a raina bari in ƙara numfashi uku. Na yi ukun, na ce bari in ƙara. Malam bai gani sosai a duhu, ya ɗauka na matsa, ya fara sabuwa. Yasin ɗin Ciɗo ce ake karantawa, ni ke kwance. Har anka kai rabi. Sannan na juya na kama hannunshi in jawo shi." Ya buɗe tafin hannunsa ya kalla. "Hannun ya yi nauyi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Zahra'u. Ta maimaita. Hawaye suka zubo mata, ta bar su. Ta san Ciɗo tun tana goye. Shi ya koya mata hawan jaki, shi ya ɗauko mata akwati ranar da za ta tafi lise, makarantar sakandare.

Can kuma sai wani abu ya taso mata wanda ba tausayi ba ne.

"Yaya, Shamsiya fa?"

Shamsiya matar Ciɗo ce. Yana tafiya ya bar ta da ciki, ta haifi ƴa mace, Maryam, wadda uban bai taɓa gani ba sai a hoton waya. Tun da Bilal ya dawo, duk sanda ta sami mota ranar Lahadi sai ta zo kasuwar Tawa, ta biyo ta gidan, ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi da jiki, ta tambaya ko ya ji wani labari.

"Ni da bakina na karanta cigiyarshi a radiyo," in ji Zahra'u. "Sau uku. Tana zaune gabana tana faɗa mini kamanninshi, tabon goshi, wushirya. Na dawo na gaya maka, ka ce Allah shi sa a dace."

"Na ce."

"Mi ya hana ka faɗi?"

"In na ce ya rasu, za su ce ta yaya. In sunka ce ta yaya, mi zan ce? Ni na ce mishi mu tahi, Zara. Shi bai so ba. Ya ce ga matarshi da ciki. Na ce shekara guda mu dawo da abin rufin kwano."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta zauna a bakin gado cikin zafin nan har aka kira magariba. Da ta fito ta tarar ya zuba mata ruwa a buta ya ajiye a bakin ƙofa. Bayan salla ya ce mata, in Allah ya kai su Juma'a, zai tafi Barmu. Ta ce tare za su.

Washegari ta je aji ba ta rubuta shafi biyun ba. Ɗalibai suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce an ajiye kamara a ƙasa don a ɓoye fuskar fursunan, mai kallo ya ƙagu ya gan shi. Wata ta ce hasken tagar alamar fata ne. Madam Aïcha ta ce da kyau, sannan ta kira Zahra'u a kan sauti.

Zahra'u ta miƙe. Ta ce makullan an yi su daidai, don an sa su tun kafin hoto, yadda tsoro ke riga ido zuwa. Amma shirun ƙarshe bai kamata ba. Kamata ya yi da an rufe ƙofa a ji tari, na mutane da yawa, wanda ba ya yankewa. Ta ce kuma da ita ce da kamara, ba za ta hau sama ba, za ta matse ta a tsakanin mutane, kada a ga komai sai ƙeya da kafaɗa. Haske kuma ta ƙasa zai shigo, siriri, kuma ba zai sami fuskar kowa ba sai wanda layi ya zo kansa.

Madam Aïcha ta gyara tabarau. Ta ce, "Fim ba rahoton radiyo ba ne, Zahra'u. Mai yiwuwa shirun nan ba na ɗakin ba ne, na cikin kan mutumin ne. An rufe shi, duniya ta ɗauke masa. Mai fim yana da damar ya nuna wannan."

"Yana da dama, Madam. Amma wanda ya shiga ya ce ko cikin kanka ba a bar maka shiru."

"Wa ya ce?"

"Wana."

Madam Aïcha ta daɗe tana dubanta, sannan ta ce ta zauna. Da aka tashi ta kira ta gefe. Zahra'u ta ce tana neman izinin gobe, za su kai saƙon rasuwa ƙauye. Madam Aïcha ba ta tambayi ta wa ba. Ta ce, "Allah ya ji ƙansa. Ki tafi. Abin da kika faɗa ɗazu, in kin sami hali wata rana ki rubuta mini shi. In ba ki samu ba, shi ke nan."

Da hantsin Juma'a suka sami wata tsohuwar mota a tasha, an cika ta da buhunan dussa da jarkokin ruwa. Hanya duk duwatsu da jar ƙasa, itatuwa sun kaɗe ganye. Bilal ya zauna a bayan mota inda babu rufi, har suka shiga Barmu.

A wannan lokaci na shekara garin mata ne da tsofaffi, maza duk suna wurin biɗa. Suka fara sauka gidansu. Innarsu ta yi murna, ta ce ya yi kumari, ta tashi za ta dama hura. Bilal ya ce ta zauna tukuna. Da ya gama faɗa mata, tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Tashi ka je. Kada Almoustapha shi ji a bakin wani."

Bayan an sauko daga Juma'a suka tafi, Bilal a gaba, Zahra'u a baya. Baba Almoustapha, mahaifin Ciɗo, yana zaune a rumfar ƙofar gida yana tufka igiya. Idonsa ya yi rauni, sai da Bilal ya yi sallama ya gane muryar.

"A'a, Bilali! Kai ne tahe? Yaya ƙarfin jiki?"

Bilal ya cire takalmi, ya durƙusa a kan tsakuwa, bai hau tabarma ba. Daga cikin gida, bayan darni, ana jin daka.

"Baba, na zo da magana. Na daɗe da ita, ban kyauta ba."

Tsohon ya ajiye igiyar.

Bilal ya faɗi komai. Zahra'u ta so a ce ya tsaya a kan zazzaɓin, a mota ma ta yi niyyar ba shi wannan shawara ta fasa. Bai tsaya ba. Ya faɗi tsagar ƙofa, ya faɗi layi, ya faɗi taɓa ƙafar da aka yi masa. Tun yana tsakiyar magana dakan cikin gida ya tsaya.

Baba Almoustapha ya yi salati. Ya shafa gemunsa, ya sake salati. Ya ce, "Raina ya daɗe da ba ni. Uba ya sani." Sannan ya ce, "Iskar ƙofa ba ta tsare ajali, Bilali. Da an kwantar da shi bakin teku ma, in ranar ta yi ta yi. Wannan kam na yafe, in ma akwai abin yafewa. Allah shi gafarta mishi, shi gafarta muna."

Bilal ya kifa goshi a ƙasa yana kuka, irin kukan babban mutum da ba shi da sauti sai girgizar kafaɗa.

Shamsiya ta fito daga ƙofar darni. Hannuwanta fari fat da garin hatsi, Maryam tana riƙe da gefen zanenta. Ba ta durƙusa ba, ko da surukinta yana wurin.

"An yi mishi salla?" in ji ta.

Bilal ya ɗago. "An yi. Babu ruwan wanka, Malam ya yi mishi taimama da ƙurar bango. Munka matsa, mutum huɗu sunka sami wurin tsayuwa. Ina cikinsu."

"Ina kabarinshi?"

"Ban sani ba. Da marece sunka buɗe ƙofa sunka ɗauke shi."

"Wace rana?"

"Kwana tara kafin ƙaramar salla. Ba wadda ta wuce ba, ta bara waccan."

Shamsiya ta ɗaga ido kamar tana lissafi. Zahra'u ta san abin da take nema: ina take a ranar, me take yi, ko ta yi dariya.

"Abin da ya faru a ɗakin can tsakaninka da Allah ne," in ji Shamsiya. "Ban shiga ba, ban san zafinshi ba. Amma wata takwas, Bilal. Ina shiga mota in tarar da kai, in gaishe ka, kana amsawa. Ina ce ma yarinyar ga babanta na nan tahe. Ka dube ni ka ce in yi ta addu'a."

Ta ɗauki ƴarta ta koma ciki. Sai da ta shige ɗaki sannan aka ji kukan. Zahra'u ta bi ta, ta zauna a bakin ƙofa, ba ta san ko ana son ta a wurin ba. Can Shamsiya ta miƙo hannu ta kama nata, ta riƙe da ƙarfi har garin hatsin ya shafe ta.

Liman ya zo da la'asar. Ya ce maganar rai ba a yanke ta da bakin mutum guda, ko akwai wani da ya gani. Bilal ya ce akwai Attahir, mutumin Tebaram, tare aka kwaso su, yana cikin huɗun da suka yi sallar. Aka neme shi a waya. Ranar Lahadi ya zo a kan babur, ya zauna gaban dattawa ya tabbatar. Da zai tafi ya riƙe Bilal a bayan masallaci suka daɗe, ba wanda ya ji abin da suka ce.

Liman ya aika wa Shamsiya cewa idda daga ranar rasuwa ake ƙirga ta, saboda haka tata ta cika tun tuni, babu takaba a kanta. Ta aiko da amsa cewa ta ji, ta gode, amma za ta zauna takabar. Ta cire ƴan kunne da warwaro ta ba uwar mijinta ajiya. Aka yi sadaka, aka dafa wake da hatsi aka raba gida-gida. Matan da mazansu ke can Libiya suka zo gaisuwa, kuma kusan kowacce, kafin ta fita, sai ta tsaya wurin Bilal ta ambaci wani suna, ta tambaya ko ya gan shi. Ya amsa wa kowacce abin da ya sani. Biyu daga ciki ya san labarinsu, suna da rai lokacin da ya baro su. Sauran bai sani ba.

Zahra'u ta koma Tawa ranar Litinin, horon ya riga ya ƙare, Madam Aïcha ta tafi. Bilal bai biyo ta ba. Ya ce maganin da ya rage za a iya aiko masa.

Da ruwan shuka ya sauka, gonar Ciɗo ya fara shukawa kafin tasu. Ƙirjinsa bai gama warkewa ba, yakan yi kunya biyu ya zauna ya huta. Baba Almoustapha yakan sa a kai shi gindin gawon da ke tsakiyar gonar, su wuni tare ba wata doguwar hira. Shamsiya kuwa ba ta sake yi masa magana ba. In ya shiga gidan gaida tsofaffi, sai ta shige ɗaki.

Da ta cika wata huɗu da kwana goma, hatsi ya fara fitar da kai, ƴan'uwanta suka zo da amalanke daga wani ƙauye wajen Afala don su tafi da ita. Hanyar ta bi ta gefen gonar. Bilal yana maimai a bakin iyaka, ya ga amalanken, ya ja baya ya sunkuyar da kai don su wuce. Sai Shamsiya ta ce wa ƙanenta ya tsayar da jakin.

"Bilal."

Ya matso, hauya a hannu.

"A kwanakin ƙarshe, ya yi maganata?"

Ƙanenta ya kau da kai.

"A kwana biyar ɗin nan bai iya magana ba," in ji Bilal. "Ruwa kawai yake cewa. Amma kafin nan, kullum. Yana cewa kin fi kowa iya miyar kuka a Barmu, kuma kin fi kowa faɗa. Har mutanen ɗakin sun san sunanki."

Ta gyaɗa kai. Ta gyara wa Maryam zama a cinyarta, ta goge ido da bakin mayafi.

"Ka riƙa leƙa Baba," in ji ta. "Ba ya faɗi in ba shi da lahiya."

"In sha Allahu."

Ƙanenta ya kaɗa jakin. Bilal ya tsaya har amalanken ya sauka gangaren fadama, sannan ya koma kan kunyar da ya bari.